Ranar da Layi Ya Faɗo Kan Mamman

Shekara ashirin da biyu na yi a tashar nan. Na fara da ɗan kamasho, ina kiran fasinja har maƙogwarona ya bushe, na ƙare a kujerar sakatare. Abubuwa da yawa sun wuce na manta su, amma akwai wata Talata ta tsakiyar watan Agusta da har yau ta ƙi fita daga raina. Tunda kun ce in yi muku magana kafin in miƙa littafi ga wanda zai gaje ni, labarinta zan ba ku, musamman ku da kuka shigo aiki bayanta.

Ga wanda bai san tsarinmu ba, tasharmu tana dab da iyakar Benin, cikin ƙasar Bagudo. Ciyaman ne a sama, sai sakatare, sai 'yan kamasho, sai direbobi da 'yan kabu-kabu. Aikin sakatare biyu ne. Na farko, duk fasinjan da zai yi nisa a rubuta sunansa da inda za shi da lambar wani ɗan'uwansa. Na biyu, tsare layi. Kowane ɗan kabu-kabu da ya iso da babur ɗinsa da safe a rubuta shi, kuma wanda layi ya faɗo kansa shi ke ɗaukar fasinja, ko tsoho ne ko sabon shiga. Ba a tsallake mutum, ba a kuma kushe shi a gaban fasinjansa. Kafin a kafa wannan doka kullum sai an ba hamata iska a tashar nan, kuma ni ne na fi kowa zafi wajen tsare ta. Har “Alƙalin Layi” suke kirana, ni kuwa ina jin daɗin sunan, ba zan ɓoye muku ba.

Ran nan da hantsi wani saurayi ya tsallako daga Benin da jakar goyo wadda ta kusan kai shi tsawo. Sunansa Iliyasu, daga zangon Kumasi. Hausa yake ji sarai, sai dai irin tasu ta can, wadda mace da namiji duk “ya zo” ne. Ya ce ya gama karatu ne ya ɗauki hutu, yana bin hanyar da kakansa ya bi lokacin fataucin goro, kuma yana son ya ga ƙauyen da aka haifi tsohon, can bayan fadamar Kaoje.

Gaskiya yaron ya shirya. Ya nuna mini katinsa na rigakafin shawara, da gidan sauro, da ƙwayoyin da ake jefawa a ruwa kafin a sha, da maganin zazzaɓi. Fasfonsa da hoton kakan suna cikin leda, ledar tana cikin jaka. Na ce masa, “Kai, ko asibiti ba su hi ka kaya ba.” Ya yi dariya, ya ce mahaifiyarsa ce ta haɗa masa rabinsu tana kuka. Nan take yaron ya shiga raina.

Sai ya fito da waya ya nuna mini taswira. Hanya biyu ce zuwa ƙauyen. Akwai ta tudu, mai zagaye, wadda ke cin kusan wuni. Akwai ta yanke, wadda ta ratsa tsakiyar fadama. Wayar ta zana masa ta yanken da shuɗin layi, ta ce sa'a ɗaya da 'yan mintoci. Abin da wayar ba ta sani ba, wannan hanya ta rani ce. Da damina ta yi nisa ruwa ke shanye ta, kuma a tsakiyarta akwai wata kwalbati da ambaliya ta cinye gefenta, ta bar rami mai zurfin da ya fi tsawon mutum. Ni na sani. Duk wanda ya girma a nan ya sani.

Layi kuwa a kan Mamman yake. Mamman bai fi wata huɗu a tasha ba, mutumin tudu ne, ya zo da sabon babur, ga matarsa yanzu da tsohon ciki, kuma tun rani yake bin hanyar yanke lafiya lau. Kwana biyu kenan layi na zuwa kansa a kan 'yan gajerun tafiye-tafiye. Da ya ji baƙo na son tafiya mai nisa, sai ya miƙe yana goge kujerar babur da hularsa.

Iliyasu ya tambaye shi, “Hanya yana da kyau?”

Mamman ya ce, “Lahiya lau ta. Ruwa kaɗan na, iya ƙwauri. Ni kan bi ta.”

Ba ƙarya ya shirya ba, abin da ya sani ya faɗa. Rabonsa da hanyar ya kai mako uku, kuma a mako ukun nan an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Na huɗu a layi shi ne Kawu Sambo, dattijon Bafulatani wanda ya yi kiwo a fadamar nan tun kafin ya san babur. Yana zaune kan benci yana cin goro. Da ya ji amsar Mamman sai ya yi gyaran murya ya dube ni. Na ga duban, na kuma fahimce shi. Amma ta yaya Alƙalin Layi zai buɗe baki ya ce wanda layi ya faɗo kansa bai san hanya ba? Gobe kowa zai ce wane bai iya ba, a ba ni. Sai na sunkuyar da kai na rubuta sunan Iliyasu da lambar mahaifiyarsa, na ce a raina idan sun ga ruwa ai za su juyo. Na ce musu Allah ya kiyaye hanya. Yaron ya ɗaure jakarsa tamau, maɗauri ɗaya a ƙirji ɗaya a ƙugu, ya ɗaga mini hannu suka tafi.

Ba su fi minti ashirin da tafiya ba Kawu Sambo ya taso ya tsaya a gaban teburina.

“Sakatare, ka rubuta lambar uwatai?”

Na ce na rubuta.

“To aje ta kusa. Kai za ka kira ta, ba ni ba.”

Ban san lokacin da na miƙe ba. Doka ta ce sakatare ba ya barin tebur sai da izinin ciyaman, kuma Alhaji Garba, ciyamanmu na lokacin, ya tafi Bagudo taro. Na kira shi a waya ina tafe ina magana. Ya ce, “Ka bar tasha ga wa?” Na ce ga Allah, na kashe. Na haye bayan Kawu Sambo muka bi su.

Da muka isa bakin fadama, sai muka sauka muna dubawa. Babu hanya, babu alamarta, sai jan ruwa shimfiɗe da kawunan shinkafa suna leƙowa. Can ciki muka hango su. Mamman ya kashe babur yana tura shi, ruwa ya kai masa ƙugu. Kunya ce ta hana shi juyowa, tunda ya riga ya ce iya ƙwauri. Iliyasu yana gefensa na dama, da jakar nan a baya, ya ɗaga waya sama don kada ta jiƙe. Gefen dama kuwa nan ramin yake.

Muka yi ta ƙwala kira. Kawu Sambo yana cewa, “Ku tsaya nan inda ku ke! Kak ku ƙara taki guda!” Iska ta kwashe muryar. Iliyasu ya juyo ya gan mu, har ya yi murmushi, ya ɗaga ƙafa zai gyara tsayuwa. Sai kawai babu shi.

Yaron ya iya ruwa, daga baya ya gaya mini har gasa ya yi a makaranta. Amma jakar ta sha ruwa ta zama dutse, ga ta ɗaure a ƙirji da ƙugu. Sau ɗaya kansa ya fito, jakar ta sake jan shi ta baya. Mamman ya saki babur ya kama ihu, shi bai iya ruwa ba. Ni ma ban iya ba, na tuɓe babbar rigata na shiga har ƙirji na tsaya ina salati kamar wani gunki. Kawu Sambo ne, da furfurarsa, ya zare wuƙar da ke ɗamararsa ya nutse. Ban san tsawon lokacin da ya yi ba, a wurina dai ya yi shekara. Ya fito riƙe da wuyan rigar yaron, babu jaka. Ya yanke maɗauran ya bar wa ruwa ita.

Muka ja shi tudu, ya yi ta aman ruwa. Wasu masunta da suka ji ihu suka zo da kwale-kwale, suka ciro babur ɗin Mamman, amma jaka ko sama ko ƙasa. Fasfo, katin rigakafi, hoton kakan da ya ɗauko tun daga Kumasi don ya nuna wa dangi, duk sun tafi. Mamman ya durƙusa a gabansa yana kuka yana cewa, “Ka gahwarce ni, wallahi ban san ya kai haka ba.” Iliyasu ya dafa kafaɗarsa ya ce ba komai, ai tare suka shiga.

Sannan ya juyo gare ni, yana rawar sanyi cikin babbar rigata da na yafa masa. Babu faɗa a muryarsa.

“Malam, kai ka san ramin yana nan?”

Na ce na sani.

“Tun ina tasha?”

Na ce tun yana tasha.

Ya ce, “Amma ni kai na nuna wa hanyar.”

Na buɗe baki zan ce masa layi ne, kalmar ta ƙi fita. Na yi shekaru ina faɗinta da ƙarfi a tasha, ran nan na ji ba ta da nauyin da zan ɗora a gaban yaron nan. Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba.

Washegari Alhaji Garba ya tara 'yan kwamiti, aka kawo maganar korar Mamman. Na miƙe na ce idan kora ce a fara da ni, domin Mamman rashin sani ya kai shi, ni kuwa da sanina na yi shiru. Ba a kori kowa ba. A zaman ne aka yanke cewa daga farkon Yuli zuwa ƙarshen Oktoba, duk tafiyar da ta shafi fadama sai sakatare ya tambayi masunta ko makiyaya halin ruwa a ranar, kuma ya faɗa wa fasinja a gaban kowa, ko ran wa zai ɓaci. Idan an ba wani tafiyar saboda ya fi sanin hanya, wanda aka tsallake shi ne na farko a tafiya ta gaba. Iliyasu ya yi kwana shida a gidana muna ta zirga-zirgar takardun da za su mayar da shi gida. Kafin ya tafi Kawu Sambo ya kai shi ƙauyen kakansa ta hanyar tudu, kuma ya tarar da wata tsohuwa da ta tuna sunan gidansu.

To ku da za ku riƙe tashar nan bayana, baƙo zai zo muku da waya da magunguna da shiri iri-iri, kada shirin ya ruɗe ku. Baƙo ko da idonsa makaho ne. Ku ce masa ya yi sammako, ya rataye takardunsa a wuya ba cikin jaka ba, ya kwance maɗaurin jaka kafin ya taka ruwa ko ya hau kwale-kwale, kuma kada ya yarda da hanyar da wanda ya bi ta jiya bai yaba ba. Mutanenmu ba mugaye ba ne. Kara ce ta yi mana yawa, ba ma son mu taɓa abincin ɗan'uwa, kuma wannan hali ne mai kyau har zuwa ranar da zai sa ka yi shiru ɗan wani ya nufi rami. Layi mun kafa shi ne don raba abinci tsakaninmu. Fasinja bai san da shi ba, shi kai ya tambaya.