Rimot ɗin da Na Zaɓa wa Yayana

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan nan, bayan azahar, Allah Ya karɓi ran yayana, kafinta, bayan gajeriyar jinya. Ina shago da talabijin a buɗe a gabana matarsa ta kira ni, ta ce, "Ka zo, yayanka ya cika."

Yaya, kai ka riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Kai ka kai ni koyon gyaran rediyo, kuma bencin da nake aiki a kansa har yau aikin hannunka ne. Unguwa ta san ka da ƙofofi da gadaje, amma mu na gida mun san inda ranka yake: ƙananan jiragen ruwan nan da kake sassaƙawa da ragowar katako, ka sa musu inji, ka kai tafkin bayan makaranta kana tuƙawa da rimot. Matarka takan ce tsufa ya zo ya tarar ba ka gama yarinta ba, kai kuwa sai dariya. Duk wanda ya tsaya kallo sai ka miƙa masa rimot ka ce, "Ungo, gwada. In ya kife, ni na kifar."

Tsohon rimot ɗin nan ne ya tsone mini ido. Eriya zaƙo-zaƙo, 'yan sanduna biyu kawai, fentin ya goge daidai inda manyan yatsunka ke zama. Ba ka ma kallonsa, idonka na kan ruwa, yatsu na aikinsu. Ni kuwa, da rawar kai irin tawa, na dame ka. Na ce ya zama tarihi, in wani ya zo da irinsa saƙonninku karo suke yi. Na je na zaɓo sabo mai ɗan allo da maɓallai barkatai. Na duba nisan da yake kaiwa, na duba batir, na duba risiba, wato 'yar na'urar da ake sawa cikin jirgi ta karɓi umarni. Komai na duba, ban da idonka da yana ta fara rufewa da hannunka da ya soma rawa.

Ranar da nake cire tsofaffin risibobin ka ce, "Ƙanena, bar mini ko guda ɗaya mana." Na ce, "Haba Yaya, kwana biyu za ka saba." Na tattara su da tsohon rimot na ba masu sayen tarkace.

Bayan nan duk sanda na tambaya, sai ka ce, "Lafiya lau, Allah Ya yi albarka." Mutane kuma suna gaya mini sun hango ka bakin tafki da sabon rimot a wuya. Ni kuwa sai washe baki nake, ina ganin na yi abin kirki.

Sai a zaman makoki tsohon da ke gadin makarantar ya ja ni gefe. Ya ce, "Kai ne ƙanen? Wallahi bawan Allah nan, tun da aka canza masa abin nan, zare yake ɗaura wa jirgin. Ya rataya rimot a wuya, ya bi bakin ruwa yana ja a hankali. Na ce masa, Malam, ka mayar mana in ba ka gane masa. Ya ce a'a, ƙanena ne ya zaɓa, zai ji ba daɗi."

Na shiga shagonka, na ɗaga wani jirginka mai shuɗin fenti, ga zaren nannaɗe a jikin ƙusa, ka ɓoye shi a ƙarƙashi. Rimot ɗin kuwa ko ledar allonsa ba ka ɓare ba. Na zauna kan tarin katako na yi kuka, kuma ba kukan rashi kaɗai ba ne, har da kunya. Abin da ya rage maka na jin daɗi a duniya na karɓe da hannuna, kai kuma kana sa mini albarka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka, wadda ta zame mini uwa, da 'ya'yanka da jikokinka da abokan aikinka kafintoci. Allah Ya ba mu haƙuri. Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya haskaka kabarinka, Ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa mini nawa. Jiragen na bar wa jikoki, zaren kawai na roƙi matarka ta bar mini. Ya Allah, Ka sa ya kasance ya yafe mini tun kafin in san na yi masa laifi. Amin.