Ƙarshen da Malam Ya Gyara

Maigidana Malam, Allah ya jiƙansa, mutumin Damagaram ne. Yana saurayi ya kalli wani tsohon fim na Faransawa a Yamai, mara kala, kuma har ya koma ga Allah bai daina ba da labarinsa ba. Wai wani ɓarawo ne ɗan kwalisa ya ɓuya a unguwa mai lunguna, 'yan sanda ba sa iya shiga, shi kuma ba ya iya fita. Ɗanmu na fari a kan cinyarsa ya haddace labarin. Kullum ƙarshen ɗaya ne: mutumin ya sulale ya hau jirgin ruwa ya koma garinsu.

Bara na bi matan da ke saro kaya zuwa Guangzhou ta ƙasar Sin. Ni ba kaya ne ya kai ni ba. Shekara shida ɗan namu yana can, bizarsa ta daɗe da mutuwa, 'yarsa da nake riƙo a waya kawai ta san shi. An ce min in ya miƙa kansa ga hukuma za a ɗan tsare shi, sannan a sa shi a jirgi. Abin da na je roƙo ke nan.

A unguwar Sanyuanli na same shi, yana ɗaure wa 'yan Kano dila a wani lungu da rana ba ta sauka. Ko masallacin Huaisheng ya daina zuwa Juma'a, don a hanya ake tambayar takardu. Abokansa 'yan Nijar kuwa da sunan ɓarawon nan suke masa kirari, shi kuma har da gyara wuyan riga.

"Umma, kin san na samo fim ɗin Baba?"

Muka zauna bayan la'asar, ya jingina waya da kofin shayi, yana fassara min. Karatuna na yaƙi da jahilci bai kai ga Faransanci ba, amma ido ina da shi. Ranar da mutumin ya fito, ranar aka kama shi. Jirgi ya tafi ya bar shi.

Na ce, "Malam ya ce ya hau jirgin."

"Baba gyarawa ya yi, Umma. Kin dai gani. Duk wanda ya fito, tasa ta ƙare."

"Kai ɓarawo ne? Takarda ce fa ta mutu, ba kai ba."

"In sauka Kano da leda ɗaya a hannu? Haba, Umma."

Kwana tara ina lallaɓa shi, ban ɗaga murya ba. Ranar tafiyata ya ɗauko min jaka har bakin lungu, inda ake hango matakalar jirgin ƙasa. Nan ya ajiye ta, ya durƙusa ya ce in yafe masa. Na yafe masa. Waɗanda suka shirya fim ɗin ne har yau ban san yadda zan yi da su a zuciyata ba. Sun mutu tuntuni, sun bar wa ɗana hujja.

Da na dawo, 'yarsa ta hau cinyata ta ce in ba ta labarin mai jirgin ruwa, irin yadda kakanta yake bayarwa. Na ce mata na manta.