Sawun da Babu Diddige

Ko na manta shekaruna, ba zan manta da shukar shekarar da aka ce mun samu mulkin kai ba. A Gidan Rumji ana ta kiɗa, ni kuwa a ƙauyenmu kusa da Sae Sabuwa ina fama da diddigen dama. Da safe in na sauke ƙafa daga gado, wayyo Allah, kamar na taka ƙusa. An tone da allura ana neman ƙaya, babu. Maƙwabta suka ce wani abu aka binne na taka.

Ga shi ruwan shuka ya sauka. Yaran yanzu ba su san darajar diddige ba. Maigida yana gaba yana sara da sungumi, ni ina baya ina jefa iri ina rufewa da diddige. Mu biyu ne rak. In laima ta tsere ba mu shuka ba, geronmu na bana ya tafi ke nan. Na gwada layi ɗaya, na zube gindin gawo ina kuka, kukan haushi.

Can sai ga wata tsohuwar Bafillatana da ƙwaryar nono a ka, tana tafe tana kallon ƙasa. Ko sallama ba ta gama ba ta ce, "Wa ke da sawun nan tun daga rijiya? Yatsu na gani, diddige babu."

Ban taɓa ganin matar nan ba! Na ce, "Ni ce, Inna. Sammu aka yi mini."

Ta yi tsaki. "Wa zai ɓata sammunsa a kan ƙafarki? Kwanta, ɗiyata."

Na yi rub da ciki, na miƙa mata diddige, ta ture shi. Sha-raɓata ta kama, can ƙasan bayan gwiwa, ta nutsa babban yatsa cikin naman. Na ƙwalla ƙara, na ce ba nan ba ne. Ta ce, "To me ya sa kike ihu?" Ta yi ta murzawa tana gangarowa har agara, ta tanƙwara yatsuna sama, sannan ta riƙe idon sawu ta ja. Ƙas! Maigida ya yar da sungumi ya sheƙo, ya ɗauka ta karya ni.

Ta ce masa jijiya ce ɗaya tun daga bayan gwiwa har tafin ƙafa, ta ɗaure tamau, diddige ne kawai ke shan wahalar. Haka take yi wa mutanen rugarsu in tafiya ta ci ƙafarsu. Ta ce kowace safiya, kafin in taka ƙasa, in saƙala zane a yatsuna in ja.

Na miƙe a tsorace, na ɗora ƙafa a hankali. Ciwon yana nan, ba zan yi muku ƙarya ba, amma ƙusar ta fita. Na yi salati. Na jefa iri, na danna diddige, ƙasa ta rufe. Kafin laima ta gudu mun gama gonar.

Tun ranar, in mutum ya zo mini yana kuka da abu, ba na tsayawa inda ya nuna kawai. Nakan laluba sama kaɗan, don sau da yawa can abin ya ɗaure.