Kawu Buba da Sensar da Ta Sa Shi Kwanciya a Kan Kwalta

Ku da kuka san Kawu Buba na Rumde kun san ba ya fita sai da kwalbar jan farce a aljihu. Ba don kwalliya ba, Allah ya sawwaƙe! Duk abin da ke cikin motarsa, daga batir zuwa fulogi har marfin lagireto, sai ya ɗiga masa ja, don kada makanikai su musanya masa. Da an gama gyara zai buɗe bonet ya bi ɗige-ɗigen nan ɗaya bayan ɗaya yana motsa baki. Inna Dudu, matarsa, ta gaji da sayen jan farce ta koma lalle.

Wata rana ya dawo daga gareji yana huci, wai an canja masa fulogi. Na leƙa na ce, "Kawu, ai ga jan nan a jiki."

Ya dube ni cike da tausayi ya ce, "Aisatu, ke a tunaninki matar makaniki ba ta shafa jan farce?"

Ni 'yar ƙanwarsa ce, kuma abin da ba zan manta ba ya faru ne a shekarar da 'yan bindiga suka tarwatsa mutanen Mubi. Can Dada, mahaifiyata, take zaune. Kwana uku ba mu ji ɗuriyarta ba. Rana ta huɗu da safe, ina aji ina koyarwa, ta kira ni da wayar wani. Ta iso garin Song, rabi a ƙafa rabi a bayan akori-kura, ƙafafunta sun kumbura, maganin hawan jininta kuma ya tsaya a gida. Duk motar da ta zo wucewa cike take. Na jefar da alli na nufi gidan Kawu a Rumde.

To motar Kawu kuwa mako biyu ke nan tana tsiya. Sai ta tashi lafiya lau, da inji ya yi zafi sai ta mutu a tsakiyar titi, in ta huce ta sake tashi. Ya zargi mai sayar da fetur a galan. Ya zargi maƙwabcinsa Malam Sali, wai ya taɓa ganinsa ya jingina da ita bayan La'asar. Ya daina amsa masa sallama da kyau.

Na ce, "Kawu, mu ɗauki shata kawai."

"Shata? In danƙa 'yar'uwata a hannun wanda ban san ubansa ba, a wannan zamani? Ni zan ɗauko ta!"

Ban tsaya gardama ba, na kira Iliya makaniki na zayyana masa halin motar. Ya zo da 'yar na'urarsa. Kawu ya ƙwace igiyar na'urar, ya ce shi zai jona da hannunsa. Iliya ya duba ya ce, "Baba, sensar kiranshaf ce. Ita ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota cewa inji yana juyawa. In ta yi zafi sai ta yi shiru, mota ta ɗauke wuta."

"Wa ya gaya maka?"

"Kwamfuta, Baba."

"Ita kuma wa ya gaya mata?"

Iliya, bawan Allah, ya zaro sabuwa a kwalinta. Wani ɗan baƙin abu ne kamar babban yatsa, da guntuwar waya a gindi. Wayyo! Da bai yi ba. Kawu ya ja da baya ya ce, "Iye! Ka zo da magani tun kafin ka ga mara lafiya? To kai ka sa mata ciwon!"

Da ƙyar Inna Dudu ta sasanta su. Aka yanke cewa Iliya zai zauna a kan turmi, hannayensa a kan gwiwa inda kowa ke gani, ya riƙa faɗa, Kawu yana yi. Dattijo mai shekara sittin da wani abu ya tuɓe babbar riga, ya cire kan batir, ya ɗaga mota da jak, ya tokare ta da bulo, ya shige ƙarƙashi daga shi sai singileti. Ni ke miƙa sifana.

"Baba, bi bayan inji, inda ya haɗu da giya. Za ka ga waya da soket. Danna kunnen ka ja."

"Na ja."

"Yawwa. Noti ɗaya ne ya riƙe ta, lamba goma."

Notin nan ya ce bai san zancen ba. Kawu ya yi nishi, ya yi salati, ya zagi wanda ya ɗaure shi. Iliya ya miƙa gwangwanin man feshi, Kawu ya ce ba za a fesa wa motarsa abin da bai san me ke ciki ba. Rana ta take, ga Azahar na ƙaratowa. Raina ya ɓaci, na manta da ladabi, na ce, "Haba Kawu! Dada na can a gindin bishiya ba magani, kai kana nan kana shari'a da noti! In wani abu ya same ta fa?"

Can sai ga hannu ya fito daga ƙarƙashin mota, baƙi ƙirin da mai.

"Iliya, zo ka kama min." Sai ya ƙara da cewa, "Da hannu ɗaya."

Nan take noti ya kwance. Aka zare tsohuwa, aka shafa wa robar sabuwa ɗan mai, aka danna ta ta zauna, aka mayar da soket da kan batir. Murɗa makulli ɗaya mota ta ɗauka. Iliya ya miƙa hannu zai jefa tsohuwar a shara, Kawu ya fizge ya zura a aljihu.

"In bar maka ka wanke ka sayar wa wani?"

Muka kama hanya. Mun wuce Girei kaɗan muka tarar da shingen jami'an tsaro, kowa ya sauka, hannu sama. Wani jami'i ya laluba aljihun Kawu, ya zaro baƙin abu mai waya, da jan ɗigo a ka. Jama'a, tsalle ɗaya ya yi ya koma bayan buhunan yashi, ya ɗauka bam ne! Kafin ka ce me, bindigogi sun juyo, Kawu na kwance rub da ciki a kan kwalta mai zafi, hularsa ta gangara kwalbati, yana ihu, "Sensa ce! Wallahi sensa ce!"

Ni kuwa bakina ya ƙi haɗa magana, ina cewa kiranshaf, ina cewa Dada. Allah ya kawo wani babbansu da ya san mota. Ya juya abin a hannu, ya kwashe da dariya, ya ce a tashe shi. Kawu ya miƙe, ya karkaɗe riga, ya ce, "To, ranka ya daɗe, a ba ni abina." Suka ce ya wuce kafin su canja shawara.

Muka ci gaba da tafiya, muka yi nisa. Sannan Kawu ya ce, "Kin ga yadda ya gane ta nan take? Yana da irin motar nan a gida, shi ya sa ya riƙe min ita."

Mun sami Dada a bakin tasha, ta jingina da bishiya, takalmi ɗaya a ƙafa. Ta ɗaga kai ta ga yayanta, ta ce, "Hamma, kai da kanka?" Kawu ya ƙarasa gabanta. Ya durƙusa ya ɗauke ta cak, shi da bayansa ke ciwo, ya kwantar da ita a kujerar baya, ya naɗe babbar rigarsa ya sa mata a ƙarƙashin ƙafafu.

A hanyar dawowa na ga yana ta duban madubi, duba kan duba. Na ce, "Kawu, ba mai bin mu fa."

Ya ce, "Na sani. Numfashinta nake kallo."

Bara ya rasu. Dada na nan da ranta, kullum bayan sallar Asuba sunansa take fara kira a addu'a. Allah ya jiƙan Kawu Buba, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa, ya riƙe shi yadda ya riƙe 'yar'uwarsa ranar nan. Amin.