Baba Sale Mai Rumfa da Iskar La'asar

Ina cikin motar Abuja da safen nan, ko Madalla ba mu kai ba, matata ta kira ni ta ce Baba Sale ya rasu. Na ce wane Baba Salen? Ta ce, "Mai rumfa. Kana da wani ne?"

Na sauka a bakin titi, na tsallaka, na hau ta komawa.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. An ce ya yi sallar asuba a jam'i, ya dawo gida ya ce a dama masa koko. Kafin a kawo ya kishingiɗa, shi ke nan.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne dattijon da ke ba da hayar rumfa da kujeru a layinmu a Kwamba. Suna, ɗaurin aure, zaman makoki, duk a ƙarƙashin rumfarsa muka yi su.

Malam Bari-mu-gani yake kirana, don ya lura ba na iya yanke magana nan take. Ban taɓa jin haushi ba, gaskiya ya faɗa.

Bara da iska ta yaye rabin kwanon ɗakinmu, ina tsaye a tsakar gida ina tunanin ta inda zan fara, sai ga shi a keke napep da tamfol ɗin rumfarsa. Na soma godiya, ya ce, "Rufe kan yara tukuna. Godiya ba ta jiƙewa."

Iska ce ta fi damunsa a 'yan shekarun nan. Ya taɓa ce mini, "Tun ina saurayi nake kafa rumfa. Da, hadari yakan yi sallama. Ya haɗo daga gabas, gari ya yi duhu, ka sauke kayanka a tsanake. Yanzu kana ɗaure wannan ƙafar, waccan ta tashi." Na ce masa na ji a rediyo ana cewa sauyin yanayi ne, zafi ya ƙaru, itatuwa sun ragu, kuma mai yiwuwa iskar ta ƙara ƙarfi nan gaba. Ya ce shi bai san sunanta ba, ƙarfensa dai yake gani yana lanƙwashewa.

Da ya ji labarin wata rumfa da ta tashi a wani taron suna a Sabon Wuse, ta faɗa kan mata har wata tsohuwa ta karye a hannu, sai ya sa wa kansa doka: a farkon damina ba zai ƙara kafa rumfa don taron yamma ba. Wasu sun ji haushi sun koma wurin wani. Bai canza ba.

Asabar mai zuwa ce walimar saukar Alƙur'ani ta 'yata Hafsa, ga shi muna farkon damina. Matata ta riga ta gaya wa mata su zo bayan la'asar, kamar yadda aka saba. Mahaifiyata Hajiya kuma za ta zo daga Zariya, ga ciwon gwiwa, in ta zauna sai an kama ta take tashi.

Ran Talata ya zo duba filin ƙofar gida. Haɗuwarmu ta ƙarshe ke nan. Nakan rubuta abin da ya faru kowace rana kafin in kwanta, amma hirar nan ko ban duba ba ina tune da ita.

Ya ce a mai da walimar hantsi. Matata ta leƙo daga zaure ta ce, "Haba Baba, walimar mata da safe? Yaushe za a yi girki, yaushe za a yi kwalliya?"

Ya ce, "'Yata, zaɓi ɗaya. Ko su zo da hantsi ba hoda, ko su zo da la'asar mu tafi neman gyalensu a kan Dutsen Zuma."

Ta yi dariya ta ce ai ba kullum ake iskar ba.

Ya ce, "Gaskiyarki. Ni ma ban ce za a yi ba, ban sani ba ne. In kuma aka yi, 'yan mata za su ruga. Wa zai ɗauki Hajiya?"

Suka juyo suna kallona. Kun san abin da na ce. Ya kwashe da dariya, ya dafa kafaɗata, ya tafi yana jan silifas.

Tun ranar nake juya maganar. In na bi Baba, na ɗora wa matata wahala, wataƙila ranar ko ganye ba zai motsa ba. In na bi ta, ina jin tsoro saboda tsohuwata.

Mun kai shi makwancinsa kafin azahar. Jama'a sun taru sosai, kuma ban ji wanda ya faɗi wani abu ba sai alheri. Raina ya yi sanyi. Ya yi tsawon rai, ya tafi ba jinya, da sallah a gabansa.

Da na dawo gida na tarar da matata zaune a bakin gado, idonta ya yi ja, waya a kunne. Ina ji tana cewa, "E, an canza, da hantsi ne. Ki gaya wa su Maman Ilham. Kowa ta zo yadda take."

Ta ajiye wayar ta dube ni. "Baban Hafsa, ka daina tsayuwa a kaina. Je ka ciko gas, ran Asabar da asuba za mu ɗora tukunya."

Allah ya jiƙan Baba Sale, ya yafe masa kurakuransa, ya sanya shi a inuwar da ba ta gushewa, ya ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, ko bai san shi ba, don Allah ya sa shi a addu'a.