Abin da Ba a Yi wa Guga

Shagona da nasa bango ɗaya ya raba, kuma bangon ba wani bango ba ne, in ya yi atishawa ni ke yi masa addu'a. Ni ɗinki nake yi, shi wanki da guga. Duk layin Mai Guga ake ce masa, har 'yarsa in aka tambaye ta 'yar wane ce, sai ta ce 'yar Mai Guga.

Dogo ne siriri, ya ɗan ranƙwafa saboda shekarun da ya yi a kan tebur. Ba shi da yawan magana, amma yana da ciwo guda: ba ya iya ganin abu a yamutse ya wuce. Safa yana gogewa. Tsumman da yake riƙe dutsen guga da shi ma sai ya goge kafin ya rufe shago. Na taɓa barin ɗankwalina a kan benci na shiga salla, na fito na tarar da shi a ninke, da kari kamar yanzu aka ciro shi daga leda. Ban gode masa ba, don ni ɗankwalina da laushinsa nake so. Ko a jikinsa. Kafin ya ɗora dutse a kan kowane kaya sai ya murza yadin tsakanin yatsu biyu, nan take ya san zafin da zai ɗauka. Tun da nake da shi ban taɓa jin wani ya zo yana faɗa an ƙona masa riga ba.

Matarsa ta rasu bayan doguwar jinya, ta bar masa yarinya ɗaya tana firamare. Kumfa muke ce mata, don tun tana rarrafe ba a raba ta da bahon wanki. Shi ya rene ta a ɗakuna biyun da ke bayan shagon. Ya koyi girki, ya koyi tsefe kai, kitso ne kawai ya gagare shi, sai ya riƙo hannunta ya kawo mini. Kayan makarantarta kuwa, ko 'yar shugaban makarantar ba ta kai ta tsaf ba.

Abu ɗaya yake tsoro a duniya, yayarsa. Goggon Kumfa tana aure a wani gari, kuma tun ranar da aka share makoki ta ce yarinyar tata ce. "Namiji ba ya riƙon 'ya mace," in ji ta. "Yanzu dai yarinya ce, na bar maka. Ranar da ta zama mace ka kasa, zan zo in ɗauki abata." Duk zuwan da za ta yi sai ta maimaita, tana leƙa tukunya, tana duba ƙeyar yarinyar ko da datti. Shi kuma da furfurarsa sai ya yi tsuru-tsuru ya ce, "To, Yaya." In ta tafi, wunin ranar ƙarar dutse kawai kake ji a kan tebur.

Kumfa ta fara al'ada a hannuna, ni na nuna mata komai, uban bai ma san an yi ba. Audugar kanti take sawa kamar kowa. Sai da ta kai babban aji a sakandare, wata rana ta shigo shagona tana tafiya kamar mai taka ƙaya. Ta jira masu karɓar ɗinki suka watse, sannan ta ce, "Anti, abin nan yana cina. Duk wata sai na yi ƙuraje, fatar har saɓulewa take yi."

Na san ciwon, don ni ma shi ya raba ni da audugar kanti. Na daɗe da komawa ƙunzugun da nake ɗinkawa da kaina: yadi mai laushi a sama, tawul a tsakiya, wata 'yar leda marar kauri a ƙasa don kada ya zarce, sai a rufe ta da yadi, a yi masa fukafukai biyu da maɓalli. Na zaɓo mata yadi mai ƙananan furanni na ɗinka mata saiti guda, har da 'yar jakar da za ta riƙa sa wanda ta cire in tana makaranta.

"Ki jiƙa a ruwan sanyi," na ce mata. "Ki wanke da sabulu, ki ɗauraye sosai, ki shanya a rana. Rana fa na ce, Kumfa, ba inuwa ba."

Ta ce to. Wata na farko ta dawo tana murna, ƙaiƙayi ya tafi, ƙuraje sun mutu. Ban tambaye ta inda take shanyawa ba. Ashe tsakar gidan nan nasu duk igiyoyin uban ne, daga bango zuwa bango, rigunan mutane da wandunansu, shi kuma yana shiga yana fita yana juya su. Ina yarinya za ta rataya abinta a nan? Sai ta riƙa ratayawa a ƙusa bayan ƙofar ɗakinta, ta lulluɓe da tsohon hijabi.

Ranar da abin ya faru tana makaranta, ya shiga ɗakin ɗauko kayan da zai goge mata. Hancin mai wanki ba ya kuskuren warin danshi. Ya bi warin har bayan ƙofa, ya ɗaga hijabin, ya ga wasu 'yan abubuwa masu furanni da maɓallai, a jiƙe, a yamutse. Ya san tana zama wurina tana koyon keken ɗinki, sai ya ɗauka aikin koyo ne, irin abin da ake cusawa a kafaɗar riga. Kuma a gidan Mai Guga a ce kaya suna warin danshi? Ya kwashe su, ya sake wankewa da ruwan zafi, ya tsoma a sitaci, ya shanya. Da suka bushe ya murza da yatsu, ya ji auduga ce, ya ba su zafin auduga. 'Yar ƙarar da ya ji a ciki ya zaci abin nan ne da muke sa wa wuyan riga don ya tsaya, wanda dama wuta yake so. Ya danne su da kyau, ciki da baya, ya jera a kan gadonta gwanin sha'awa.

Kumfa ta dawo ta gani. Ta ce ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ba ta ce masa komai ba, ba ta ce mini ba, ga shi kuma tana tsakiyar kwanakinta. Washegari ta sa ɗaya a haka, sandararre kamar kwali, ta tafi makaranta. Sitaci ya hana shi shan komai, ledar ciki ta narke ta tsattsage. Malami ya kira ta gaban allo, ta miƙe, farin siket ɗin nan da uban ya goge ya nuna wa ajin duka.

Da hantsi ta faɗo shagona, ɗaure da hijabin ƙawarta a ƙugu, ido ya kumbura. Ta ciro sauran daga jaka ta zube mini a kan keke. Na ɗauki ɗaya, na ga kari a kan fiffike, miƙaƙƙe kamar na wandon ɗan sanda. Wallahi dariya ta zo mini har wuya, na haɗiye ta da ƙyar, don yarinyar kuka take kamar ranta zai fita.

"Ya taɓa su, Anti. Da hannunsa. Ni da wane ido zan kalle shi? Ga 'yan ajinmu kuma."

Kafin in gama lallashi ta ɗauki wayata ta kira goggonta. Abin da na ji kawai shi ne, "Goggo, ki zo ki tafi da ni."

Raina ya ɓaci, na zagaya shagonsa ko mayafi ban gyara ba. Yana kan wata farar riga. Na ajiye masa abin a kan tebur na ce, "Baban Kumfa, ka san mene ne wannan?"

"Na kafaɗa ne ko? Na ga ɗinkin ya yi kyau."

Na faɗa masa, ban sakaya ba. Na faɗa masa abin da ya faru a makaranta, da wayar da aka yi. Ya tsaya da dutse a kan rigar mutane har sai da na ce, "Malam, ƙauri!" Ya ɗaga da sauri, amma shatin ya riga ya fito. Bai ko kalle shi ba. Ya lallaɓa ya zauna a kan benci, ya haɗa hannuwan nan nasa da sabulu ya cinye. Nan faɗan da na zo da shi ya tsere mini, tausayinsa ya kama ni.

Can ya ce, kansa a ƙasa, "Tela, yaya ake wanke shi?"

Na yi masa bayani. Yana ji yana gyaɗa kai kamar sabon shiga a sana'ar. Ruwan sanyi, ban da sitaci, ban da wuta. Da na zo kan rana sai ya ɗago. "To me ya sa take shanyawa a bayan ƙofa?"

"Saboda kai mana. Tsakar gidan duk kai ne a ciki."

Sai ya roƙe ni in ɗinka mata wasu, in kuma bar ta ta zauna wurina har goggon ta iso.

Kwanakin da Kumfa ta yi a gidana, ta bango nake jin bugun guduma. Masu kawo wanki suka fara ƙorafi kayansu ba sa fitowa da wuri. Ya ba su haƙuri, bai faɗa musu dalili ba.

Goggo ta iso da rana tsaka, tun daga bakin titi ake jin ta. Ta inda take shiga ba ta nan take fita ba. "Ban faɗa maka ba, Auta? Ka mai da yarinya abin dariya a gari! Kai komai ka gani sai ka ɗora masa dutse, wata rana mu ma goge mu za ka yi." Ya ce, "Haka ne, Yaya." Ya riga ya wanke kayan Kumfa kaf, ya goge, ya shirya a akwati, ya ajiye a bakin ƙofa. Mutumin nan ko roƙo bai iya ba, sai dai ya yi maka guga.

Na rako Kumfa ta ɗauki takalmanta, muka ratsa shagon zuwa tsakar gida. A nan ta ja ta tsaya. Kusurwar da rana ta fi daɗewa, inda yake shanya manyan riguna masu kauri, ya kwance igiyoyinsa duka ya matse su gefe guda. Ya kafa sanduna, ya zagaye wurin da labulen zannuwan gado, dogo har ya wuce kansa. A ciki ga sabuwar igiya, ga bokiti mai murfi, ga sabulu a 'yar roba, ga ɗan kujera.

Ya tsaya daga nesa, yana magana yana kallon bango.

"Kumfa, nan naki ne. Ba zan shiga ba, ba zan leƙa ba. In za ki bi Yaya don kina so, Allah ya kiyaye hanya, ita ma uwa ce. Amma kada ki tafi don kunyata. Lokacin da mahaifiyarki take kwance, duk abin da ya fita daga jikinta ni na wanke da hannun nan, ban taɓa jin ƙyama ba. Da tsumma na gani irin nata, da na gane. Wannan mai maɓalli ne ban sani ba. Ki yafe wa babanki."

Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon haka ba. Goggo dama ta biyo bayanmu. Ta shiga bayan labulen, ta ja igiyar ta ji ƙarfinta, ta buɗe bokitin ta leƙa. Ta daɗe a ciki fiye da abin da duba bokiti yake bukata. Da ta fito tana goge ido da bakin mayafi, sai ta harare ni kamar ni na sa mata hayaƙi.

"Ke kuma me kike kallo? Wannan abin naku, ana yin na manya?"

Na ce ana yi.

Kumfa ta wuce ta gaban uban, kanta a sunkuye, ta je bakin ƙofa ta kama akwatin da hannu biyu. Na ga ya rufe ido. Ta ja shi, tana haki, ta mai da shi ɗakinta. Daga ciki muka ji muryarta, a dashe: "Baba, siket ɗin nan fa bai fita ba. Na wanke har sau nawa."

"Kawo," ya ce. Sai kuma ya yi sauri ya ƙara, "In kin yarda."

Goggo ta kwana ta koma ita kaɗai, da saitinta a jaka. Kumfa ta koma makaranta, aka yi 'yan gulmace-gulmace aka gaji. Shi kuwa har yau wankinsa a matse yake bushewa, kuma bai taɓa taka bayan labulen nan ba. Ranar nan da rana hadari ya haɗu tana makaranta, ina cikin ɗinki sai ga shi a ƙofar shagona, kayan mutane cike da hannu, iska tana kaɗa shi.

"Tela, don Allah taimaka," ya ce. "Akwai shanyar 'yata a ciki."

Na bar keken na ruga.