Sawun Jan Bijimi

Shekarar da na fara koyarwa a wata firamare a Gwandu, wajen ƙarshen shekarun tamanin, kaina cike yake da Turancin kwaleji. Akwai kalmar da nake ji da ita, pursue. Malaminmu ya ce daga Latin ta fito, ta ratso ta Faransanci, asalinta bin abu ana yin gaba. A da, in ji shi, bin mutum ne da mugun nufi ko jan sa gaban alƙali, daga baya ta yi laushi har ake neman ilimi da ita. Ni ta ilimin nake koya wa yara. Tsohuwar ma'anar kuwa da ƙafata na koye ta.

Ruwan shuka ya sauka, da safe muka tarar da turke ɗaya wayam. An kwance jan bijimin Baba, ɗaya daga shanun huɗarmu biyu, ga shi garma ba ta tafiya da sa ɗaya. Baba ya saɓa sandarsa. Ni kuwa raina ya ɓaci, sai cika baki nake, wai in na kama ɓarawon sai ya yaba wa aya zaƙinta.

A wajenmu sawu ake bi. In ya shiga gari, mai gari zai fito da mutanensa su nuna inda ya fita. In sun fid da shi sun wanke kansu, ku yi gaba. In ya maƙale, gidan da ya tsaya ya ɗauki sunan sata ke nan har jikoki. Bijiminmu kofatonsa na baya a karkace yake, ƙasa kuma da danshi, ko makaho ya bi shi.

Muka wuce Kambaza, garuruwa suna ta fid da mu. Muka kwana a hanya. Da na ga sawun ya miƙe yamma ya nufi ƙasar Kalgo, sai na daina cika baki. A can yayata take aure, a wani ƙauye, ga goyo ga tsohon ciki. Mijinta kuma ya zo aron bijimin nan kafin damina, Baba ya hana shi. Na dubi Baba, ya ƙi dubana. Duk inda hanya ta rabu sai in roƙi Allah sawun ya kauce. Bai kauce ba.

Da hantsi muka isa ƙauyen. Mai gari ya fito da dattawa, aka gaisa, muka duƙufa kan sawun. Ya bi bayan masallaci, ya ratsa gefen rijiya, ya shiga lungun da na sani sarai, don ni na rako kayan amarya cikinsa. Tsoro nake ji, ba na ɓarawo ba, na abin da za mu gani.

Baba ne a gaba. A bakin lungun ya tsaya kamar mai gyara takalmi, na ga ya ja ƙafarsa a ƙasa, ya sake ja.

"Ranka shi daɗe," ya ce wa mai gari, "sawu ya ɓace. Shanu sun tattake shi."

"Malam, ka duba da kyau dai."

"Na duba. Garinku ya fita."

Mai gari ya daɗe yana kallonsa, sannan ya yi mana jaje, suka watse.

"Baba, ga shi can ya ci gaba," na ce a hankali.

"Mi ka gani? Rufe min baki."

Ba a zuwa garin 'ya a wuce ƙofarta, don haka muka yi sallama. Mijin ba ya nan. Yayata ta fito zaure da ƙwaryar ruwa, ta durƙusa da kyar, idonta a ƙasa.

"Baba, lafiya dai?"

"Lafiya lau. Wucewa muke, munka biyo mu gan ki."

Jin muryarsa, sai bijimin ya yi kuka daga bayan zana. Yayata ta dafe ƙasa da hannu biyu. Baba bai waiga ba. Ya kafa kai a ƙwaryar yana ta sha, ruwan na zuba a gemunsa, har sai da kukan ya tsaya. Sannan ya tambaye ta lafiyar yaron da take goyo.